Shekarar da Kaza Ta Faɗi Sau Biyu

Makarantar 'Yanmata, Kankara.
3 ga Afrilu, 1977.

Zuwa ga taubashiyata Suwaibatu,

Gaisuwa mai yawa tare da begen ganinki. Ina fata kina lafiya, da Baba Tsoho, da duk mutanen Damari. Mun iso lafiya, sai dai motar Mani ta daɗe a Sheme ana loda buhuna, har Gwaggo Talatu ta hango ni daga rumfarta ta ciko min kwano da shinkafa da wake. Ta ce in gaya miki, ke 'yarta, ɗankwalin da kika tafi da shi aro ne, ba kyauta ba.

Suwaiba, an kawo mana lantarki. Muna hutu aka kafa wani ƙaton janareta, aka jera fitilu a kan dogayen sanduna tun daga bakin ƙofa har ɗakunan kwana. Da aka kunna 'yanmata suka yi ta guɗa. Ni kuwa, kin san halina, na daɗe ina juya hannuna a cikin hasken. Akwai fitila ɗaya daidai barandar ajinmu. A nan nake tsayawa bayan sallar magariba ina karatu kafin a buga ƙararrawa.

Wannan wajen kada ki karanta wa Baba Tsoho. Larai, wadda gadonta ke kusa da nawa, ta ara min wani littafin soyayya na Turanci. Bangon ya yage, shafin ƙarshe ma babu. Wani mutum ne mai ido launin toka ya shiga jirgin ruwa ya tafi, yarinyar kuma kullum tana zuwa bakin teku tana duba hanya. Na karanta sau biyu ban san ko ya dawo ba. Wani lokaci sai in ji kamar ni ce a bakin tekun, ni da ko babban kogi ban taɓa gani ba.

Yanzu ki duba ko babu kowa a zaure, sannan ki matsa kusa da shi.

Baba Tsoho, angona, amaryarka tana gaisuwa. A takarda na fi iya yi maka magana. Jiya na tuna ranar da ka fara kai ni bayan rumbu ina 'yar shekara goma, ka ce mutum da hanya kana ganinsu, taurari ne yanar ido ta ɓoye maka, in duba yamma in gaya maka ko Kaza da 'ya'yanta suna nan. Ka ce ran da suka daina fitowa da magariba Kaza ta faɗi ke nan. Ruwan da ya zo kafin haka na yaudara ne, wanda ya zo bayansa shi ne na shuka. Gari duka bakinka ake jira kafin a taɓa iri, kuma har yau ba wanda ya ji daga wurina cewa da idona kake dubawa. Bara daga barandar nan na duba maka, bana ma haka zan yi.

Ga wani labari da na ajiye maka. Malamarmu ta kimiyya Ba'indiya ce, muna ce mata Malama Mai Sari saboda zanen ƙasarsu da take yafawa. Ta ce mutanen da can sun ɗauka sama kamar ƙwarya ce aka kife a kan ƙasa, taurari kuma 'yan fitilu ne da aka liƙa a cikinta, duk nisansu ɗaya. Sun daɗe suna ganin mu ne a tsakiya, komai mu yake zagayawa. Daga baya aka gane mu ne muke zagaya rana. Can kuma aka gane rana ma tauraro ce, kusa da mu kawai take. Na yi ta maza na ɗaga hannu, karo na farko tun da na zo makarantar nan, na tambaye ta Kaza. Sai da na zana mata a allo ta gane. Ta ce in aka duba da madubin hangen nesa 'ya'yan nata ɗaruruwa ne, kuma hasken da muke gani yau ya baro can tun wajen shekara ɗari huɗu da suka wuce. Baba, tun ranar nake kallonta da kunya, kamar baƙuwar da ta sha doguwar tafiya ban ba ta ruwa ba.

Ku huta lafiya. Ni ce taku,
Barakatu Gide.

*

Damari.
8 ga Afrilu.

Barakatu sarauniyar mafarki,

Bayan gaisuwa. Muna lahiya lau. Ki gaya wa Inna in kin sake bi ta Sheme, ɗankwali ya zama nawa, na riga na ƙona gefensa da garwashi.

Wasiƙarki ta zo, na karanta wa Baba Tsoho duka, har da wajen da kika ce in tsallake. Ni ban iya tsallake ba, aji shida na tsaya. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Mutum mai idon toka ai mai yana ne irina. Mi ta gani a jikinshi? In mai yana take so ga ni nan zaune, ko jirgin ruwa ban shiga ba." Ya ce kuma in tambaye ki yaushe aka fara ajiye miji biyu.

Na karanta masa maganar haske kuma. Sai ya ce in rubuta haka, kuma yadda ya faɗa na rubuta:

"Amarya, ashe abin da na gani ina yaro ma tsohon labari ne. Wanga haske da ya baro gida tun ba a haifi kakan kakana ba, shina tahiya dare da rana, ya zo ya faɗa idon yarinya a Kankara. Allah mai iko. 'Ya'yan Kaza ni shida na sani, ubana ya ce ya taɓa ganin bakwai. In sun kai ɗaruruwa, to kaza ce mai albarka. Ki gaida malamarku, ki ce ta ƙaro."

Don kada ki ce ba na taimako, shekaranjiya na ce masa ya bari in duba masa da kaina, a huta da jiran motar Mani. Na fita bayan rumbu na ga wani abu yana ƙyalli, na ce ga ta nan har tana tafiya. Ya ce mi ne launinta? Na ce ja da kore. Ya ce in dawo in ɗora masa ruwan alwala, wannan jirgin sama ne, Kaza ba ta zuwa Kano. Ni a bakin titi na girma tsakanin fitilun masu shayi, taurari duk iri ɗaya ne a wurina, shi kuma ba ya gani balle ya nuna min.

Ki dai sa ido da kyau. Zafi ya yi yawa, hadari ya fara leƙowa, mutane sun ƙagu. Tun farin da aka yi shekarun baya kowa ke ji da irinsa kamar ɗan fari. Maƙwabcinmu Malam Salihu kullum da safe sai ya shigo zaure ya ce, "Malam Gide, ina labarin sama?" Baba Tsoho ya gyara zama ya ce a ƙara haƙuri. In kin ga yadda yake kumbura a lokacin sai kin yi dariya.

Taki, wadda ta fi ki kyau,
Suwaibatu.

*

Kankara.
13 ga Afrilu.

Suwaibatu maras riƙon amana,

Ina gaisuwa duk da haka. Da na karanta abin da kika yi sai da na rufe fuska da filo. Ba zan ƙara gaya miki komai ba. Amma Larai ta ce wai wata 'yar aji biyar ta taɓa ganin shafin ƙarshen, ina neman hanyar da zan yi mata magana.

Baba Tsoho, ina gaishe ka da zafi. Malama ta ji daɗin gaisuwarka, ga ƙarin da ka nema.

Ka san farar hanyar nan da ke ratsa sama kamar hayaƙi? Ta ce taurari ne jingim, mu da ranarmu muna cikinsu, kamar garke ɗaya. Har zuwa lokacin da kake saurayi, manyan masana suna gardama ko garken nan shi ne iyakar halitta. Sai aka ƙera wani babban madubi a kan dutse a Amurka, aka duba wasu 'yan tabo-tabo masu kama da gajimare, aka ga ashe kowane ɗaya garke ne mai zaman kansa, wasu sun fi namu girma. Kuma ba a tsaye suke ba, nesa suke ta yi da juna.

Na kwana biyu ina neman yadda zan kwatanta maka, sai na tuna dumanmu na kan danga. Ka tuna da na ɗiga masa alamu da ƙaya yana ƙarami, da ya girma alamun suka yi nesa da juna ba tare da ko ɗaya ta motsa daga wurinta ba? To haka. Kuma in mutum ya san saurin girman duma, ya auna tazarar alamun, zai iya cewa ga lokacin da ya fito daga fure. Da haka suke lissafin shekarun halitta. Malama ta ce da can wasu sun ƙirga kakanni suka ce shekara dubu shida ne. Masu nazarin duwatsu suka zo suka ce ina, miliyoyi ne. Yanzu ana cewa tsakanin miliyan dubu goma da miliyan dubu ashirin. Na tambayi kaina ko wannan zai ɓata maka rai, sai na tuna kai ne kake cewa Ubangiji ba Ya gaggawa.

Wani lokaci abin yana ba ni tsoro, in ji na zama ƙwayar gero ɗaya a masussuka. Wani lokaci kuma daɗi yake yi min, in ce wuri mai faɗi haka ba zai rasa wanda yake tunanin irin abin da nake tunani ba. Suwaiba, in kin ga dama ki karanta masa wannan ma.

Sai babban saƙo. An yi kwanaki sama a rufe da gajimare. Jiya ta washe, na ɗaga kai daga littafi na duba yamma, ban ga Kaza ba. Yau ma na duba, babu ita. Baba, Kaza ta faɗi. Na ga kamar ta yi sauri bana, amma abin da idona ya gani ke nan.

Allah Ya ba mu damina mai albarka.
Amaryarka,
Barakatu.

*

Damari.
20 ga Afrilu.

Barakatu,

Gaisuwa a tsaye, don bayana ciwo yake, kwana biyu ina bin sahun masu sara ina zuba iri.

Da na karanta masa saƙonki ya ƙirga wani abu da yatsu, ya ce lallai ta yi sauri. Sai kuma ya ce, "Idon Amarya bai taɓa yi mani ƙarya ba." Ran Litinin da la'asar aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya, har dangarmu ta kwanta. Da asuba ana sallamewa ya miƙe a masallaci ya ce Kaza ta faɗi, kowa ya fidda irinsa. Kafin rana ta ɗaga gari ya watse, daga tsofaffi sai kaji. Malam Salihu bai rage ko ƙwaya ba, ya ce tunda Malam Gide ya faɗa an gama. Wasu 'yan kaɗan ne suka shuka rabi suka ajiye rabi.

Da kin ga angonki. Ya sa babbar rigarsa ta Sallah ya zauna bakin gona a kan buzu, duk wanda ya wuce sai ya rusuna. Matar liman ta aiko masa da fura har da nono mai kauri, ni na shanye rabi.

Maganar duma ta shige shi ƙwarai. Jiya ya sa na kai shi gindin danga yana shafa busasshen na bara. Ya ce ki tambayi malamarku, duma dai ba ya girma da sauri ɗaya, in ya sami ruwa ya yi tsalle, in ya rasa ya tsaya, to su masu lissafi sun san irin daminar da duniya ta yi? Ya ce ba gardama yake ba, so yake ya ji. Maganar wanda ke tunanin irin tunaninki kuwa ya ce ki daina wahalar da kanki da dube-duben nesa, mutumin yana Damari yana shan fura.

Taki,
Suwaibatu.

*

Kankara.
22 ga Afrilu, Juma'a.

Suwaiba,

Ki yafe min gajeriyar gaisuwa. Don Allah duk abin da kike yi ki ajiye ki je wurin Baba Tsoho.

Wasiƙarki ta zo yau da rana, na yi ta murna. Da magariba sai janareta ya ƙi tashi, aka ce mai ya ƙare. Makaranta ta yi duhu kamar da. Na tsaya a baranda inda na saba, na ɗaga kai haka kawai. Suwaiba, Kaza tana nan. Tana can ƙasa da jinjirin wata, ita da 'ya'yanta, ba inda ta je. Na murje ido na sake dubawa, na kira Larai na nuna mata, ta ce ta ga wasu 'yan ƙanana a cure wuri ɗaya.

Fitilar nan ce. Sandarta tana tsaye daidai yamma da baranda, ni kuma sai in gama ƙura wa farar takarda ido a ƙarƙashinta sannan in ɗaga kai. Ban taɓa kawowa a raina haske zai iya ɓoye abu ba. Da na taka ƙafa goma zuwa bayan kicin da na gan ta, amma ina tsakiyar babi, ban so in rufe littafin Larai ba.

Ruwan Litinin na yaudara ne. Wanda bai gama shuka ba a ce ya tsaya. Na roƙi mai gadi zai kai wa Mani wannan tasha da sassafe.

Ki gaya wa Baba ni ce. Ban san me zan ƙara ba.

Barakatu.

*

Damari.
8 ga Mayu.

'Yar'uwata Barakatu,

Ina gaishe ki, ina fata kina cin abinci. Na daɗe ban rubuto ba don ina jira in sami abu mai daɗi in haɗa da shi, ban samu ba.

Wasiƙarki ta yi kwanaki a Sheme, motar Mani ta lalace. Amma kada ki ɗora wa mota, ko tsuntsu ne ya kawo ta iri ya riga ya shiga ƙasa. Gero ya tsiro gwanin kyau, gonaki suka yi kore shar. Daga nan ko ɗigo. Rana ta yi ta dukansa har ya murɗe ya zama kamar zare. In kin bi ta gonar Malam Salihu sai ki ce ba a taɓa shuka komai ba.

Da na karanta wa Baba Tsoho ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya ce in sa takardar a murhu a gabansa, ya tsaya har ya ji ƙaurinta.

Ran Juma'a bayan an idar ya ce a ɗan dakata. Ni ina bayan katanga wajen mata, da kunnena na ji. Ya ce, "Jama'a, Kaza ba ta faɗi ba ran da na ce ta faɗi. Shekara shida rabona da ganin tauraro. Na faɗi abin da ban gani ba, irinku ya ƙone a kan maganata." Malam Salihu ya ce, "To Malam, in ba ka gani, wa ke gaya maka?" Ya ce, "Bakin da ya faɗa maku shi za ku kama, ga shi nan gabanku." Aka yi ta juya tambayar, bai ƙara ko kalma ba.

Da yamma ya sa aka buɗe rumbunsa na iri, aka auna wa duk wanda ya ƙone kaf, Malam Salihu ne farko. Abin da ya rage mana gonar bayan gida kawai zai ishe ta. Wasu sun karɓa suna sa albarka, wasu sun karɓa ba su dube shi ba. Samarin da suka dawo daga Kaduna da rediyo suna cewa dama lokacin duba sama ya wuce.

Yanzu da safe ba mai shigowa zaure ya tambayi labarin sama. Yana shimfiɗa buzu biyu kamar kullum, ɗayan haka yake wuni. Tuwo ma sai na yi da gaske yake taɓawa.

Na ce masa zan rubuta miki, ko yana da saƙo? Ya ce in rubuta nawa dai. Ban san fushi ne ko kunya ba, ban taɓa ganinsa haka ba. Kada ki ce zan yi miki tsiya a kan littafin nan, ba zan yi ba. Sai dai in an kwana biyu.

Taki har kullum,
Suwaibatu.

*

Kankara.
12 ga Mayu.

Zuwa ga kakana Malam Gide,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da ban girma da neman gafara. Ban san ko har yanzu ina da izinin kiranka da sunan da na saba ba, shi ya sa na rubuta haka.

Baba, don me ka ɓoye sunana? Kai ka yi shekara arba'in kana faɗa ba ka kuskure ba, ni na ɓata maka a magariba biyu. Ina roƙonka ka bar Suwaibatu ta gaya wa matar liman gaskiya, kafin la'asar gari ya ji. Ni yarinya ce, in an zage ni zai wuce. Na mayar wa Larai littafinta. 'Yar aji biyar ɗin ma ta zo da kanta za ta gaya min ƙarshen, na ce ta bar shi.

Tun ranar nan kullum da magariba ina zagayawa bayan kicin, wajen tulin toka, inda hasken bai kai ba. A nan Malama Mai Sari ta same ni ina kuka. Na gaya mata komai, ban faɗi sunan garinmu ba. Ba ta ce ba komai ba ne ba. Ta ce iri ya ƙone, wannan gaskiya ne, sai a ɗauke shi a haka. Sannan ta zauna a kan turmi da sarinta mai kyau ta ba ni wani labari, ta ce in kawo maka.

Masu babban madubin nan, da suka fara lissafin shekarun halitta, miliyan dubu biyu suka samu. Aka buga a littattafai, aka koyar a makarantu. Sai masu duwatsu suka ce su kuma sun auna ƙasar nan da muke takawa ta fi haka tsufa. Ka ji fa, 'ya ta girmi uwarta. Shekaru ana cikin wannan kunya ba a san inda kuskuren yake ba. Ashe wani babban birni ne a gindin dutsen da madubin yake, fitilunsa suna dushe musu sama. Lokacin babban yaƙin da aka kai sojojinmu ƙasar Bama, aka riƙa kashe fitilun birnin don tsoron jiragen yaƙi. A cikin duhun nan wani masani ya ga taurarin da ba a taɓa rarrabewa ba. Daga nan aka bi sawu aka gane taurarin da suke awo da su iri biyu ne, su kuwa sun ɗauke su iri ɗaya. Da aka gyara, nisan ya ninka, shekarun ma suka ninka, kuma an ci gaba da gyara har yau. Tambayarka ta duma ma na kai mata. Ta ce a kan wannan suke ta gardama yanzu haka, yana cikin abin da ya sa ba su tsayar da magana ɗaya ba.

Ban kawo wannan don in wanke kaina ba. Su kuskurensu a takarda ya tsaya, nawa a gonar mutane.

Akwai abu ɗaya kuma, in ka ga dama ka sa shi a murhu. Kaza ta yi ta yin ƙasa kullum, tana dusashewa cikin jan magariba. Ranar Laraba ta makon jiya na gan ta da ƙyar. Tun daga Alhamis sama tana washe, ina wuri mai duhu, ba littafi a hannuna, na tsaya har jan ya mutu, ban gan ta ba. Na ƙara mako guda ina komawa kafin in rubuta. Wannan karon ta faɗi.

Ka ci tuwo, don Allah.

Jikarka,
Barakatu.

*

Damari.
5 ga Yuni.

Amarya,

Suwaibatu ke rubutu, ni ke magana. Ina gaishe ki. Wane ne Malam Gide? Ni ban san shi ba a bakinki.

Takardarki ba ta shiga murhu ba. An yi ruwa bayanta, na miƙe a masallaci ba wanda ya tambaye ni. Na ce Kaza ta faɗi, jikata Barakatu ce ta gani daga Kankara, ni na auna maganar na yarda da ita, wanda ya ga dama ya shuka. Salihu ya ce, "Wanccan karon fa, wa ya gani?" Na ce wanccan nawa ne, wanga nata. Ya daɗe tsaye, sannan ya tahi ya ɗauko sungumi. Gero yanzu ya kai idon sawu. Buzu na biyu ma ya sami mai zama, sai dai surutunshi ya yi yawa.

Shi mutumin da ya ce 'ya ta girmi uwarta, na tambayi Suwaibatu ko an ƙwace mashi madubi, ta ce ba ki rubuta haka ba, wato ya ci gaba da dubawa. To.

Kaza za ta fito ta gabas kafin alfijir nan da 'yan kwanaki. Ki koma wajen tokar nan ki duba mani. In kin gan ta ki gaishe ta, ta sha hanya.

Kuma ki je wurin yarinyar nan ki ji ko mai idon toka ya dawo. Ni da Suwaibatu muna jira.

Angonki.